Shekarar Fura Ba Nono

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, kuma duk wanda ya ce maka ya san zafi, to bai zauna rumfata a bakin tashar Tambuwal da azahar ba. Shekaranjiya na ajiye ɗanyen ƙwai kan benci, na juya na sallami mai sayen takin zamani, kafin in waigo ya dahu har yana neman gishiri. Ga ni da tumbi, kuma tumbi a bazara kaya ne da ba a sauke shi. In zauna, in tashi, in jiƙa hula, in leƙa titi in ga ko rana ta gusa, in tarar tana nan inda na bar ta kamar an kafe ta da ƙusa.

Amma ba zafin ne ya hana ni sukuni ba. Ranar kasuwa da magariba, a ɗan masallacin tasha, wani Bafulatani da ya kawo sa ya sayar ya jingine sandarsa a waje ya shigo sahu. Ba wanda ya ce masa komai. Na damansa dai ya ɗan gusa, na hagunsa ya tuna bai gyara takalminsa ba ya koma baya, aka bar masa fili ta kowane gefe wanda jaki zai wuce da mangala. Tun da na ga giɓin nan, wani tsohon azumi ya taso ya zauna mini a ƙirji, wanda mu ’yan ƙauyenmu muke kira shekarar fura ba nono.

Ƙauyenmu yana kan tudu tsakanin Kebbe da Fakku, nesa da gulbi. Rijiya guda gare mu, mai zurfin da in ka zura guga da safe za ka iya zuwa ka nemi aure ka dawo kafin ka ji ya taɓa ruwa. A lokacin ina sabon ango, gemuna bai gama yanke shawarar fitowa ba. Kowace kaka, da an kwashe gero, wani makiyayi mai suna Jabbi yakan sauko da garkensa gonar Babanmu. Shanu su ci kara su bar mana taki, haka uban Jabbi ya yi da kakana. ’Yan shanun mutanen gari ma, har da namu, a hannunsa suke. Mu dai mun san muna da saniya, shi ne ya san sunanta da na uwarta. Matarsa Hajjo kuwa kullum da hantsi tana tsakar gidanmu, ta sauke ƙwaryar nono, Innarmu ta auna mata gero, su zauna su yi gulmar mazansu.

Baba da Jabbi ba su taɓa gaisawa ta hankali ba. Jabbi zai hango Baba daga nesa ya ɗaga sanda.

“Kaɗo, har yanzu kana nan kana tonon ƙasa awa gafiya?”

“Ina nan, ɗan daji. Kai fa, har yanzu saniya ka yi maka limanci?”

Sai su rungume juna. In aka kwana biyu Jabbi bai zage shi ba, Baba yakan ce jikinsa ba daɗi.

Daminar da ta gabaci azumin nan ba ta yi kirki ba. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fure, rumbuna suka tsaya rabi, rijiya ta fara ja da baya tun kafin sanyi ya wuce. Ana saura kaɗan a ga wata, wasu baƙin makiyaya masu wucewa suka bar shanunsu suka faɗa albasar Ɗanjuma maƙwabcinmu a fadama. Ɗanjuma ya sari wata saniya a ƙafa da fartanya, mai saniyar ya fasa masa kai da sanda. Na ga jinin da idona, ya jiƙa masa riga har cibiya. Samari muka tashi, kowa da abin da ya samu. Ni taɓaryar amaryata na ɗauko, kuma na tabbatar ina bayan kowa don in tsare musu baya.

Mai gari ya tare mu a gindin tsamiya, dattawa suka zauna. Da suka gama, ya tashi ya ce, “Mu ba mutanen tashin hankali ba ne. Ba wanda za shi ɗaga sanda, ba wanda za shi ƙone bukka. Amma daga yau ba mu sayen nononsu, gugansu ba shi shiga rijiyarmu, kuma ba mai yi musu sallama.”

Kowa ya yaba. Har wani ma’aikaci ya zo daga Kebbe kan babur ya ce da ma kowane gari zai yi koyi da mu, an yi rikici an kashe shi ba a zubar da jinin kowa ba. Muka riƙa tafiya muna buɗa kafaɗa. Abin da ba mu tsaya muka duba ba shi ne, waɗanda suka fasa kan Ɗanjuma tun ranar suka yi kudu, ƙurarsu ma ta kwanta. Bafulatani guda ya rage kusa da mu, yana zaune a gonar Babanmu.

Haka azumi ya shigo. Da asuba a ɗumama tuwon jiya da miyar kuka, a sha ruwa har ciki ya riƙa ƙugi in ka motsa. Gari na wayewa maza mu fita sharar gona, a tattara kututturen kara a ƙone, a kwashi takin gida a mangala a kai. Kafin hantsi ya ɗaga, ƙasa ta fara cizon tafin ƙafa. Mata kuwa tun duhu suna bakin rijiya, tuluna a jere har bayan masallaci, guga ya fito da rabin ruwa rabin laka, a kai gida a bar shi ya kwanta. Da azahar gari ya mutu. Kowa ya nemi ƙarƙashin rumbu ya kwanta da jiƙaƙƙen zane a ƙirji, zanen ya bushe kafin ka gama salati. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai, iska in ta taso sai ka ce daga bakin maƙera ta fito. Miyau ya ƙafe, harshe ya zama kamar tsohon takalmi. Da la’asar sakaliya ka ji lugude ya tashi gida-gida, an fara dakan fura.

Nan hukuncinmu ya fara kama mu. Fura aka daka, amma da me za a dama? Inna ta dama da ruwan tsamiya. Ranar farko muka ce ai ma ya fi lafiya. Kwana kaɗan, maƙogwaro ya fara kai ƙara. Furar bazara ba nono, in ka haɗiye ta sai ka ji kamar kana zuba yashi a rami. Ɗanjuma da kansa, da ƙullin tsumma a ka, na ji shi yana tambayar matarsa ko ba ta ɓoye ko ɗan tsohon kindirmo ba.

Jabbi kuwa ba ya zuwa rijiya, sai ya koma kora garken zuwa gulbi. Ya tashi tun kafin alfijir, ya kai can rana tsaka, ya juyo da su cikin ƙunar nan da azumi a bakinsa. Daga gonarmu muna ganinsu suna dawowa, shanun na jan ƙafa, haƙarƙari a waje. A cikinsu har da namu. Mun zauna mun yi shawara mun hana shanunmu ruwan rijiyarmu, kuma wanda muka hana wa gaisuwa shi ke kai su inda za su sha. Baba yakan tsaya ya dafa galma yana kallo. In Jabbi ya zo kusa, sai ya sunkuya ya kama tsintar kara. Ba a taɓa share gona tas kamar yadda Baba ya share gefen nan ba.

Wata magariba, an ta da iƙama, sai ga Jabbi a ƙofar masallaci. Mutumin da sai sallar Idi muke ganinsa a sahu. Ya jingine sanda, ya dubi butocin da ke jere, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya buga tafukansa a bangon masallaci ya yi taimama, ga rijiya can ana hango ta. Ya shigo ya ratsa ya tsaya daidai daman Baba, kafaɗa da kafaɗa. Masallaci ɗakin Allah ne, mai gari bai isa ya hana kowa ba. Liman ya kabbarta.

Ban san abin da Liman ya karanta ba ranar, kuma na rantse rabin sahun ba su sani ba. Kowa jiran ƙarshe yake. Liman ya sallame. Baba ya juya dama kamar mai ciwon wuya, hancinsa kusa da hancin Jabbi.

“Assalamu alaikum.”

Jabbi ya idar da tasa, ya shafa, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Washegari ya dawo, wajen nan dai. Daga nan aka shiga wasan ɓuya a masallaci. Dattawa masu furfura suna turereniya don kada su faɗa kusa da shi, wani ya ce alwalarsa ta karye, wani ya ce ya fi son sahun baya saboda iska. Aka riƙa barin giɓi ta ɗaya gefensa. Baba dai ba ya da mafita, don tun kafin a haife ni wurinsa guda ne a sahu, in ya matsa gari duka zai ce tsoro ya ji.

Maganar ta biyo mu gida wajen buɗa baki. Yayana Sani bai daɗe da dawowa daga karatu a Sakkwato ba, da ɗangalallen wando da littattafai cikin kwali.

“Baba, abin ga da kuka yi bai halatta ba,” in ji shi. “Littafi ya hana musulmi shi ƙaurace wa ɗan’uwansa. Kuma kun sa mutum taimama ga ruwa gabanai, wa za shi ɗauki wannan?”

Baba ya kurɓi furarsa ya yamutsa fuska. “Kai da ba ka bin Liman salla tun da ka dawo? Kai da ka ƙaurace wa gari dut, har da ubanka?”

“Wannan daban. Wannan gyara ne.”

“To mu ma gyara muka yi. Ni abin da na tashi na iske, addini jama’a ne. Tare muka gayya, tare muka roƙon ruwa, tare muka ɗaukar gawa. In jama’a ta ce hagu, ban da ƙafar zuwa dama. Wa za shi gina min kabari, Jabbi?”

“Sallamar da kaka yi mai fa kullum?” na tsoma baki. “Ta karya doka ko ba ta karya ba?”

“Wagga ta Allah ce, ba tawa ba. Rufe min baki.”

Inna tana bakin murhu, ba ta ko waigo ba. “Ni ban yi karatu ba, ban zauna gindin tsamiya ba. Abin da uwata ta gaya min, wanda duk hayaƙinki ya kai ga hancinai yana da rabo ga tukunyarki. Ku ci gaba da fatawa.” Sai daga baya na gane dalilin da ya sa tulun Inna ke ƙarewa da wuri, da dalilin da ya sa zuwa itace ya koma ɗaukar ta rabin yini. Amma ruwan tulu guda ba ya shayar da garke.

Ni ma na taɓa cin karo da Jabbi a hanyar gona, ba kowa kusa. Doka ta hana sallama, ba ta hana tari ba, sai na yi tari. Ya tsaya ya dube ni, leɓunansa sun tsattsage.

“Ɗan Kaɗo, ba sai ka yi magana ba,” ya ce. “Ni a daji na koyi salla, inda ba mai ganina sai wanda nika yi don shi. Ku ko kun saba da ido. In ba ku ga maƙwabci ya ɗaga hannu ba, ba ku sanin an kabbarta. Ba don lada nika zuwa masallacinku ba, ladata tana ishe ni can. Muryar ubanka nika zuwa ji.”

Goman ƙarshe zafi ya kai inda ba a magana. Gajimare ya riƙa taruwa gabas da la’asar, ya yi baƙi, ya yi ƙugi, mu fito mu tsaya baki buɗe, iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙasa a haƙora. Maruƙan Jabbi suka fara faɗuwa a hanyar gulbi. Ana jibi Salla, ko gata, sai muka ji kukan shanu cikin gari. Jabbi ne da ɗiyansa, suna bi gida-gida. A kowace ƙofa ya ware saniyar mai gidan da ’ya’yan da ta haifa, ya ɗaura igiyar a turke ko a dirkar zaure, ya wuce. Bai yi kuskuren ko ɗan maraƙi ba. Ya zo ƙofarmu ya ɗaure namu, Baba na zaune kan buzu yana jan tasbaha da ƙarfi kamar zai tsinka ta. Hajjo ce ta yi magana, ta kan katanga, da Inna: gobe in rana ta yi sanyi za su tashi, kuma ba wannan tudun za su sake sauka ba.

Da magaribar nan Jabbi bai zo ba. Amma mutane sun riga sun saba, sai aka bar wurinsa da giɓin da ke gefensa. Liman ya sallame, Baba ya juya dama ya yi sallama, ba kowa sai tabarma. Ya zauna a haka, wuyansa a karkace, har masallaci ya watse.

Washegari da hantsi, lokacin da bakin rijiya ya fi cika, Baba ya ce in ɗaura wa jaki salka. Ya karɓi guga a hannun wata mata ya ja da kansa, tsoho da azumi, har salkunan suka cika. Mai gari na zaune gindin tsamiya da dattawa.

“Mamman, ina za a kai ruwa?”

“Gonata.”

“Mi ka shuka da bazara?”

“Ranka shi daɗe, mutum na bari can.”

“Ka san abin da jama’a ta yanke.”

“Na sani, da ni anka yanke. In na mutu ku bar ni, Sani shi gina ramin, ya iya karatu.”

Ba wanda ya tare shi. Wasu ma, da shanu suka kwana suna yi musu kuka a ƙofa ba su san yadda ake tatsa ba, na ga suna sosa ƙeya. Muka isa gona muka tarar an kwance bukkoki, an ɗora kaya kan takarkari. Baba ya tsaya ya zuba sallamar da na tabbata har mutanen garin Dogon Daji, can nesa, sun amsa.

Jabbi ya amsa a hankali. Ya sauke salkunan, ya fara ba maruƙa, sannan yara ƙanana marasa azumi, abin da ya rage ya yi alwala da shi, a nitse, yana tsefe gemu.

“Ɗan daji,” Baba ya ce, “ina za ka da wanga zafi? Ko saniya ta ba ka umurni?”

Na jira. Baba ma ya jira, har ya ɗan miƙa wuya kamar mai jiran a ɗora masa rawani.

“Za mu zauna har ruwa shi sauka, Malam Mamman,” in ji Jabbi. “Mun gode. Allah shi saka.”

Bayan Salla da ’yan kwanaki ruwan farko ya zuba, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara, mu manya muka tsaya cikinsa kamar gumaka. Dokar gindin tsamiya ba wanda ya soke ta, narkewa ta yi. Shanu suka koma garke ɗaya bayan ɗaya, nono ya dawo, ranar da na sha furar farko sai da na yi mata kirari. Kan Ɗanjuma ya warke tun kafin a yi shuka, gashi ya rufe wurin. Kaka ta zagayo Jabbi ya dawo gonarmu, ya kuma ci gaba da dawowa shekara da shekaru. Kowa ya ce an shirya. Hajjo dai a ƙofar gida take sauke ƙwarya, ba ta ƙara shiga tsakar gida ba. Jabbi kuwa in ya hango Baba sai ya rusuna.

“Malam Mamman, an wuni lafiya? Ya iyali?”

Baba ya gwada komai. Ya kira shi bawan saniya, ya ce masa mai wanka da ƙura, ya ce ƙafafunsa kamar na zalɓe. Jabbi ya yi murmushi ya ce, “Haka ne, Malam.” A ciwonsa na ƙarshe Jabbi ya zo dubiya, ya yi addu’a mai tsawo ya tafi. Baba ya juyo ya ce mini, “Ka ji? Ko sau ɗaya bai zage ni ba.”

Yanzu gonar nan ciyawa ce ke cinta. Rabin ƙauyen muna nan Tambuwal, wasu Sakkwato, kuma ba na zuwa can sai da rana tsaka, in na ji hanya ta yi shiru. Ɗiyan Jabbi ban san inda suke ba. Ni da na tashi kan takin shanu, ga ni ina sayar da na buhu.

Shi ya sa ranar kasuwar nan ban tsaya tunani ba. Na ratsa sahu ina ba da haƙuri, na cusa kaina a giɓin da ke hagun mutumin. Allah ya yi mini tumbin da ke cike wurin mutum biyu, har da canji. Kafaɗata ta haɗu da tasa, ƙashi zalla, rigarsa na ƙamshin hayaƙi da man shanu. Liman ya sallame, na juya dama na yi masa sallama a fuska. Sa’ana ne, furfura ta fara cin gemunsa. Da muka miƙe, na ɗora ƙafata kan tasa da gangan, na sakar masa nauyin da jakin Baba ba zai ɗauka ba.

“Ɗan daji,” na ce, “ka sayar da limaminka yau?”

Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke kallonmu, ya zare ƙafarsa a hankali.

“Ba komai, Alhaji,” ya ce. “Yi haƙuri, ni na tare maka hanya.”